Kiɗan da Ba Shi da Waƙa

A Gwallameji, unguwar da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi suka cika, matashi na iya kunna waya ya kamo BBC Radio 3, ya ji makaɗa kusan ɗari suna kaɗa aikin Beethoven a bikin Proms, wanda aka fara a Landan a 1895. Galibin wannan kiɗa babu baiti ko ɗaya a cikinsa. Ba a zuga kowa, ba a yi wa kowa zambo, ba a roƙi ko sisi ba. To, mene ne hukuncin saurarensa? Mu da muka tashi da Shata da Ɗanƙwairo a Rediyon Kaduna mun saba auna kiɗa da kalmomin da ke bisansa, shi ya sa idan aka cire kalmomin sai ma'aunin ya kuɓuce mana.

Ra'ayina shi ne mafi yawan abin da malamai suka ji wa tsoro yana cikin zaman da ake yi domin kiɗan. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan sauraro. Ya kwatanta sauti mai daɗi da kukan tsuntsu, wanda babu mai haramta jinsa. Gaskiya ne ya hana kayan tsirkiya da wasu na busa, amma dalilin da ya bayar abin lura ne: a zamaninsa su ne alamar mashaya, suna tuna wa mutum giya, suna janyo shi zuwa gare ta. Rediyo kuwa ta raba sautin da wannan zama. Ɗalibin da ke kwance a ɗakinsa bayan isha'i ba ya cikin gidan giya, ba ya cikin cakuɗuwa, babu maroƙin da ke jiran kuɗinsa. Abin da ya rage a tambaya shi ne abin da sautin yake tayarwa a zuciyarsa, da abin da ya shagaltar da shi daga gare shi.

Masu hani suna da hujja mai nauyi, kuma raina ta rashin adalci ne. Akwai hadisin Bukhari da ya ambaci kayan kiɗa tare da zina da giya da alharini, akwai fassarar Ibnu Mas'ud ga aya ta 6 ta Suratu Luƙman, sannan mashhurin zancen mazhabobi huɗu, har da Malikiyyarmu, hani ne. Ibnu Hazm ya raunana wancan hadisi, Ibnus Salah ya mayar masa da martani, kuma manyan masana hadisi da dama sun bi Ibnus Salah. Wanda ya kashe rediyonsa saboda wannan ya yi tsantseni, ya cancanci girmamawa.

Sai dai saɓanin na nan, kuma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Najmul Ikhwan, ya sassauta kan kayan kiɗa saboda malamai sun saɓa a kansu, alhali ƙaninsa Abdullahin Gwandu ya fi tsanantawa. Algaita da kakaki kuma har yau ana busa su a fadar Bauchi da Yakubu ya kafa da tutar Shehu. Idan Shehu da ƙaninsa, waɗannan bayin Allah biyu, sun saɓa ba tare da ɗaya ya fasiƙantar da ɗaya ba, ban ga hujjar da maƙwabci zai kafa ya kira ɗalibin nan fasiƙi ba, matuƙar ya tashi idan ladan ya kira salla.