Tauye Mudu a Kasuwar Tallan Intanet

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya turo mini saƙo da daddare: "Kawu, don Allah ka shiga shafina ka danna tallar da ke can sama, ka bar ta a buɗe kamar minti guda kafin ka fita. Taimako ne za ka yi mini." Yaro ne mai ladabi, ba ya wasa da salla, ban taɓa jin an ce ya ɗauki ko allurar wani ba. Abin da ya hana ni barci ke nan a daren. Ya roƙe ni in taya shi sata, kuma har cikin zuciyarsa bai san sata yake roƙo ba. Da na bincika sai na tarar ba shi kaɗai ba ne. Akwai tarin matasa a zaurukan WhatsApp da Telegram da wannan ce sana'arsu, wasu ma har kuɗi suka biya aka koya musu.

Ga yadda kasuwar take. Google ya buɗe tsarin AdSense a 2003. Mai shafi yana ware gurbi a shafinsa, kamar yadda mai gida a bakin titi yake ba da hayar bangonsa a liƙa allon talla. Masu kaya, daga mai sayar da takalma zuwa banki, suna gasar farashi a kan wannan gurbi, gwanjo ne da na'ura ke kammalawa kafin shafin ya gama buɗewa. Wanda ya ci, tallarsa ce za ta fito. Shekara da shekaru kashi 68 cikin ɗari na abin da mai talla ya biya ne ke shiga asusun mai shafi. Tun farkon 2024 kamfanin ya koma yi wa masu shafi lissafi bisa yawan ganin tallar, amma masu talla da yawa har gobe duk dannawa ɗaya da kuɗinta ake cire musu. Idan asusu ya kai dala 10 sai a aiko da lambar tantancewa ta gidan waya, idan ya kai dala 100 sai a biya, daga 21 ga wata.

A taƙaice mai shafi dillali ne, abin da yake karɓa kuma la'ada ce. Kowane Bahaushe ya san a kan me ake ba dillali la'ada: ya kawo mai saye na gaskiya, mutum da ƙafarsa da aljihunsa da niyyarsa. To, me za mu kira dillalin da ya tara 'yan'uwansa da abokansa, ya ce su je su tsaya gaban rumfar mai kaya su yi ta taya shi kamar za su saya, don a lissafa masa kowane kai a biya shi? A kasuwar Kurmi ko ta Kwari irin wannan ba ya kwana biyu ba a tona shi ba. Malaman fiƙihu suna da suna ga mai taya kaya ba da niyyar saye ba don kawai farashi ya hau, najashi suke ce masa, kuma haramcinsa sananne ne. Sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifina, an buɗe ta ne da narkon azaba ga masu tauye awo. A wannan kasuwa dannawa da gani su ne mudu. Da su ake auna abin da mai talla zai biya. Wanda ya cusa na bogi a ciki ya taɓa mudun.

Na san amsar da ake bayarwa, don yaron nan ma ita ya ba ni: "Kawu, ai Google ne, ina za su ji wannan ɗan abin?" Wannan magana kuskure ce tun daga tushe. Kuɗin ba daga aljihun Google yake fitowa ba, daga aljihun mai talla yake fitowa. Mai tallar nan yana iya zama babban kamfani a Amurka, yana kuma iya zama wata baiwar Allah mai sayar da turaren wuta ko atamfa da ta ware 'yan kuɗinta na mako ta sa a talla, tana fatan mutum goma su gani ɗaya ya saya. Kafin azahar kasonta na ranar ya ƙare, waɗanda suka cinye shi kuwa samari ne a wani ɗaki da ko sunan kayanta ba su karanta ba. Ko da ma babban kamfanin ne, yawan dukiyar mutum bai taɓa halatta a zare masa ba. Masu talla kuma ba su ɗauki abin da wasa ba: a 2006 Google ya amince da sulhun da ya kai dala miliyan 90 a ƙarar da suka shigar a jihar Arkansas kan dannawar bogi da aka caje su.

Ɓarnar hawa-hawa ce. Na ƙasa shi ne "danna mini in danna maka". Na sama da shi shi ne abin da suke kira lodi: a ɗauko wayoyi da yawa, a kunna VPN don a nuna kamar daga Amurka ko Kanada ko Ingila ake shigowa, tunda masu talla sun fi biyan kuɗi mai tsoka a kan mutanen can, a cika shafi da rubutun da aka kwafo kan inshora da bashi da lauyoyi domin tallace-tallace masu tsada su fito, sannan a yi ta dannawa. Wasu kuma sayen baƙi suke yi daga masu na'urorin da ke kwaikwayon mutane. A saman kowa akwai masu koyarwa, kuma su ne na fi jin haushi. Za su ɗora hoton allon asusu da daloli jere, su ce a biya kuɗin aji, su sayar wa yaro asusun da wani ya buɗe da sunansa da adireshinsa. Ku lura da kyau: wanda yake da rijiyar da ke ɓuɓɓugo da dala ba ya yawo yana roƙon dubu biyar-biyar a hannun ɗalibai. Ribar mai koyarwa tana cikin kuɗin ajin, shi ya sa kullum yake neman sababbi. Lambar da ke kan allo ma ƙiyasi ce, ba kuɗi ba ce sai an tace ta a ƙarshen wata.

Wajen tacewar nan ne ake kuka. Kamfanin da ke ganin irin wayar da aka shigo da ita, da tsawon lokacin da aka yi, da hanyar da aka biyo, da yadda mutum ɗari na gaskiya suke yi idan sun ga talla, ba zai kasa gane shafin da kusan duk wanda ya shigo sai ya danna ba. Sai a zaftare kuɗin, ko a taƙaita tallan, ko a rufe asusun baki ɗaya, a riƙe abin da ke ciki a mayar wa masu talla. Wanda aka rufe wa asusu kan wannan laifi ba a ba shi damar buɗe wani. Yaro ya ci bashin kuɗin aji, ya ƙona data ta wata uku, ya ɓata sunansa a tsarin da wata rana zai iya cin halas a cikinsa.

Masu ganin sun fi na'ura wayo su dubi Aleksandr Zhukov. Ɗan Rasha ne, shi ne ya jagoranci damfarar da aka sani da Methbot tsakanin 2014 da 2016. Ya yi hayar manyan kwamfutoci fiye da dubu biyu a Dallas da Amsterdam, ya sa su suna buɗe shafukan bogi suna motsi kamar mutane, ya kwashi fiye da dala miliyan 7. An kama shi a Bulgeriya a 2018, aka kai shi Amurka, kotu a Brooklyn ta same shi da laifi a 2021, ta yanke masa shekara goma. Rana dubu ta ɓarawo. A nan gida ma dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, EFCC kuma ba ta tambayar ko wanda aka damfara ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Akwai kuma reshen da ya fi wannan muni, domin shi har da mai karatu yake cuta. Tunda yawan masu shigowa shi ne yawan kuɗi, sai wasu suka gano cewa ƙarya ta fi gaskiya gudu. Duniya ta ga haka a 2016, lokacin da aka gano shafuka fiye da ɗari na siyasar Amurka ana gudanar da su daga Veles, wani ƙaramin gari a Masedoniya. Samarin da ke bayansu ba ruwansu da wanda zai ci zaɓe, kuɗin talla suke bi. A watan Nuwamban shekarar Google ya sanar da hana tallansa ga shafukan da ke yaudarar masu karatu. Yau ga irin wannan ciniki da harshenmu. "Innalillahi, yanzu muka samu labarin rasuwar fitaccen jarumi," alhali mutumin yana gidansa yana cin tuwo, mahaifiyarsa kuwa ta riga ta yanke jiki ta faɗi. Hoton 'yar mutane da kanun da ke zubar mata da mutunci. Maganin da wai yake warkar da ciwon suga cikin kwana uku, wanda zai sa dattijo ya ajiye maganin asibiti. Sanarwar tallafin gwamnati ko gurbin aiki da babu shi, ana jan marasa aikin yi daga shafi zuwa shafi, kowanne cike da talla. Mafi hatsari shi ne tsohon hoton rikici daga wata ƙasa a ce jiya aka yi a garin kaza. Mu da muka san abin da jita-jita ta jawo a Kaduna da Jos da Kano, bai kamata a ce sai an yi mana bayanin inda wannan zai kai mu ba. Mai shafin yana lissafin 'yan sulallansa, wani kuma yana ɗaukar gora ya fita.

Waɗanda ke biyan farashin a ɓoye su ne masu aikin gaskiya. Akwai matasa da ke rubuta darussan noma da kiwo, da girke-girke, da tarihin masarautu, da bayanin yadda ake cike takardun JAMB, suna zama su yi bincike su rubuta da hannunsu. Gobe da safe sai su tarar an kwashe rubutun kaf an liƙa a shafi goma ba ko sunansu. Sannan duk lokacin da masu talla suka ga kuɗinsu na tafiya a yankin da ba ya kawo ciniki, sai su rage farashi ko su cire yankin daga lissafi. Ɗan farashin da ake biya a kan mai karatu daga Najeriya ko Nijar dama bai taka kara ya karya ba, masu lodi kuma suna ƙara danne shi.

Ina kira ga malamanmu da su shigo da wannan batu cikin karatun ciniki da huɗubobin Juma'a, da sunansa, yadda matasa za su gane da su ake. Iyaye kuma, idan yaro ya ce daga intanet yake samu, a tambaye shi me yake sayarwa kuma wa yake biyansa. Idan ya kasa bayani a jimla biyu, a zauna da shi. Mai karatu, kada ka danna talla don tausayi, kada ka tura labarin da ba ka ga tushensa ba don kawai kanunsa ya girgiza ka.

Ɗan ƙanwata na kira shi washegari na ce masa ba zan danna ba, na kuma faɗa masa dalili. Ya yi shiru, sannan ya ce ya riga ya biya kuɗin aji, kuma abokansa duk suna ciki. Na ce ya fita daga zauren a ranar, ya cire tallan daga shafin, ya goge duk abin da ya kwafo, kuɗin ajin ni zan mayar masa. Yaron ya iya gyaran waya tun yana sakandare. Na ce ya fara rubuta wannan da Hausa, matsala ɗaya a kowane mako, da hotunan da ya ɗauka da kansa a kan teburinsa.