Bulus da Gumakan Atina

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34

Mun sha karanta yadda ran Manzo Bulus ya ɓaci da ya ga birnin Atina cike da gumaka. Wataƙila wani zai zaci 'yan guntayen itace ne da aka sassaƙa da gizago. Ba haka ba ne. Abin da Bulus ya gani yana cikin ayyuka mafi kyau da hannun ɗan adam ya taɓa yi.

A tsakiyar birnin akwai wani babban dutse, a bisansa kuwa haikalin da ake kira Fartenon. An fara gininsa a shekara ta 447 kafin haihuwar Almasihu, aka gama a 432. Da farin dutse aka gina shi, ginshiƙai 46 suna kewaye da shi. A ciki wani gwanin sassaƙa mai suna Fidiyas ya kafa siffar allahiyarsu Atena, tsayinta kusan ƙafa 40. Fuskarta da hannuwanta na hauren giwa ne, tufafinta na zinariya, nauyin zinariyar ya fi tan ɗaya. Sa'ad da Bulus ya zo, wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, gunkin nan yana tsaye tun kusan shekara 500.

Wace ce Atena? Helenawa sun ce Zafsa, sarkin allolinsu, ya haɗiye matarsa tana da ciki, don tsoron kada ta haifi wanda zai ƙwace masa sarauta. Daga baya aka tsaga kansa da gatari, sai ga Atena ta fito da kayan yaƙi. Sun sassaƙa labarin nan a goshin haikalin ta gabas. Ku duba fa, babban allahnsu matsoraci ne. Ko cikin Helenawa akwai wani masani, Zinofanis, wanda ya zargi mawaƙansu da cewa sun ɗora wa alloli sata da zina da ruɗi. Mutum ya yi allahnsa da kamarsa, ya kuma sa masa halinsa.

Abu uku za mu koya a nan.

Na fari, gwaninta ba zunubi ba ce. Allah ne ya ba Bezalel hikimar aikin zinariya da dutse da itace domin alfarwa ta sujada, kamar yadda aka rubuta cikin Fitowa sura 31. Maƙeri da masassaƙi da magini, kowa daga wurin Allah ya karɓi baiwarsa. Har yau mutane suna zuwa daga nesa su kalli aikin Helenawa, ba kuwa laifi a ciki. Kuskuren mutanen Atina shi ne sun durƙusa wa abin da hannunsu ya yi, suka mance da wanda ya yi hannun.

Na biyu, gunki ba shi da ikon tsare kansa. An yi zinariyar Atena falle-falle, yadda za a iya cire ta. Firikilis, shugaban birnin, ya gaya wa jama'a cewa in yaƙi ya matsa musu za su ɗebe ta su kashe, daga baya su mayar. Wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Almasihu wani azzalumin mai mulki, Lakaris, ya tuɓe zinariyar ya biya sojansa. Wadda suke cewa mai tsaron birni ce, ta kasa tsare rigarta. Yau gunkin ya ɓace sarai, sai 'yan ƙananan kwaikwayonsa da aka yi a zamanin Romawa. Haikalin ya zama majami'a, daga baya masallaci. A 1687 Turkawa suka ajiye albarushi a ciki, sojan Fenis suka harba masa igwa, tsakiyarsa ta tarwatse. Sassaƙen da suka ragu, waɗansu suna gidan kayan tarihi na Landan tun da gwamnatin Ingila ta saye su a 1816, waɗansu suna gidan da aka buɗe a Atina a 2009. Ana kallonsu, ana yabon aikin, ba mai kawo musu hadaya.

Kada mu yi wa mutanen Atina dariya tun ba mu bincika zukatanmu ba. Abin da mutum ya dogara gare shi a ranar tsoro, shi ne allahnsa. Wani yana zuwa sujada ran Lahadi da laya a ƙarƙashin riga. Wani ya kafa zuciyarsa a kan kuɗi, ko rumbu, ko takardar shaidar makaranta. Duka zinariyar Atena ce: kai ne kake tsaronta, rana ɗaya kuwa wani zai tuɓe ta.

Na uku, mu dubi yadda Bulus ya yi magana. Da aka kai shi Tudun Arasa, dab da gindin dutsen haikalin, bai zagi kowa ba. Ya riga ya zaga birnin, ya duba wuraren ibadarsu da kyau, har ya sami bagaden da suka keɓe wa allahn da ba su sani ba. Daga nan ya fara. Ya kawo maganar mawaƙansu na kansu, ya nuna musu cewa Mahaliccin sama da ƙasa ba ya bukatar a gina masa ɗaki, ba kuwa za a kwatanta shi da zinariya ko dutse ba. Sa'an nan ya kira su ga tuba, ya yi shelar Yesu wanda Allah ya tashe shi daga matattu. Waɗansu suka yi ba'a, amma Diyonisiyas da wata mace mai suna Damaris suka ba da gaskiya, tare da waɗansu. Ɗan'uwa, in kana so maƙwabcinka ya saurari bishara, ka san abin da yake girmamawa tukuna, ka yi masa magana da ladabi, kada kuwa ka rage gaskiya.

Atena ba ta taɓa sauka daga dakalinta ta nemi ɓataccen mutum ba. Ubangijinmu Yesu ya bar ɗaukakarsa da yardar ransa, ya mutu dominmu, yana nan da rai. Yau ka ɗauko abin da ka ɓoye, ka kawo gabansa, ka dogara gare shi kaɗai. Allah shi taimake mu. Amin.