Yaye Shawara Ce, Ba Ƙwace Ba

 

'Yan uwana mata, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata ɗalibata a ajin matan aure a nan Daura, wadda ta yi mako uku ba ta zo makaranta ba. Da na je duba ta, sai na tarar da ɗanta ɗan wata goma sha huɗu kwance, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja. Ashe ciki ne ya shiga, aka ce mata nononta ya zama guba. Rana ɗaya aka shafa mata maɗaci, aka ɗauki yaron aka kai gidan kakarsa a wani ƙauye wajen Mai'aduwa. Ya yi kwanaki yana kuka yana ƙin abinci, gudawa ta biyo baya. Allah Ya taimaka an kai shi asibiti ya farfaɗo, amma ba kowane yaro ke samun wannan sa'ar ba.

'Yar uwa, ki sani Musulunci bai bar maganar yaye a hannun al'ada ba. A Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah Ya sanya shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, Ya ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, Ya hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗansu. Sannan Ya halatta yaye kafin shekara biyun, amma da sharaɗin yardar juna da shawara tsakanin uwa da uba. Suratu Luƙman, aya ta 14, ita ma ta ambaci shekara biyun. Ki lura, ayoyin ba su bambanta namiji da mace ba. Saboda haka zancen da ake yi cewa wai namiji idan ya daɗe yana shan nono ƙwaƙwalwarsa za ta dakushe, ba shi da asali a addini. Haka kuma ba daidai ba ne maigida ya wayi gari ya ce “yau a yaye shi” ba tare da jin ta bakinki ba, ke ma bai halatta ki yanke hukunci ke kaɗai don kin gaji ba.

To, batun rurrutsa fa? Imam Muslim ya ruwaito daga Judama 'yar Wahabu (RA), kuma hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi niyyar hana miji kusantar matarsa tana shayarwa, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya fasa hanawa. Likitoci ma sun tabbatar ciki ba ya mai da nono guba, sai dai yakan ragu, ɗanɗanonsa ya canza. Abin da ke kayar da yaro shi ne a raba shi da nono farat ɗaya alhali bai saba da abinci ba. Tun shekarar 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, da ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta sanar da duniya sunan ciwon kumburin nan da harshen mutanen Ga, kwashiyoko, wato ciwon da yaro ke yi idan ƙani ya zo ya ture shi daga nono. Idan kin samu ciki kina goyo, ki je awo, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya, ita za ta duba ko jikinki zai ɗauki ci gaba da shayarwa.

Mu ɗauki darasi daga Sayyidina Umar (RA). Malaman tarihi sun kawo cewa wani dare yana gadin wani ayari a Madina, sai ya riƙa jin kukan jariri. Da ya tambayi uwar, sai ta ce yaye take masa na dole, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Ba ta san shi ne ba. Da asuba kuka ya rinjaye shi a salla, bayan sallama ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, kowane jariri yana da kasonsa tun ranar haihuwa. Shugaba ke nan ya ji tsoron Allah a kan kukan yaro ɗaya. Ina ga ni da ke da aka damƙa wa amanar kai tsaye?

Kada mu ɗauki abin da wasa. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta bayyana cewa a watanni shida na farkon shekarar 2025, yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina sakamakon tamowa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu ko fiye, domin a shekara ta biyu nono na iya ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke buƙata.

Saboda haka idan lokaci ya yi, ki zauna da maigida ku yi shawara, kuma shawarar ta haɗa da cefane. Ki fara rage nonon rana ɗaya bayan ɗaya cikin makonni, na dare ya zama na ƙarshe. Kunu tsararo ba ya riƙe yaro. Ki dama shi da kauri, ki haɗa gero da gyaɗa da waken suya, ki riƙa ba shi wake, ƙwai, kifi, kabewa da zogale gwargwadon hali, sau uku ko huɗu a yini, a kwanonsa shi kaɗai, da hannu wankakke. Kada ki yaye shi yana ciwo, kuma in da hali ki kauce wa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi da gudawa suka yi yawa. Ki bar barkono da maɗaci. Idan nono ya cika yana miki zafi, ki tatse kaɗan don ki samu sauƙi.

Kai yaro gidan kaka zumunci ne, amma a bari sai ya saba da abinci, kada a haɗa masa rashi biyu, na nono da na uwa. Sannan a kula: a mazhabar Malikiyya, idan wata mai goyo ta ba shi nono don ya yi shiru, yana cikin shekara biyun kuma bai wadatu da abinci ba, ko tsotsa ɗaya ce ya zama ɗanta na shayarwa, aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yanta.

Ɗalibar tawa ta dawo aji, yaron yana tafiya da ƙafarsa. Allah Ya raya mana zuriya bisa Musulunci, Ya ba mu ikon sauke amanarsu, amin.