Ilimin da Ba A Cin Tuwo da Shi: Asara Ne ko Ajiya?

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wani dattijon ikkilisiya ya jawo ni gefe, muka tsaya a inuwar dalbejiyar da ke harabar majami'a. Ya ce, "Malam, shawara nake nema. 'Yata ta shiga maganar ƙwayoyi." Gabana ya faɗi, sai da ya bayyana mini cewa ba ƙwayoyin maye yake nufi ba. Yarinyar ta gama digirin farko a kimiyyar fiziks, ta kuwa yi fice. Ya nema mata hanyar aiki a wani banki, amma ta roƙe shi ya bar ta ta ci gaba da karatu a kan waɗansu ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido bai taɓa gani ba. Ya ce, "Gona na sayar na biya mata makaranta. Ƙannenta huɗu suna baya. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, wannan ilimi ne, ko wahalar banza?"

Ban amsa masa nan take ba, domin tambayar ta fi ƙarfin tsayuwar gindin bishiya. Ita ce kuma tambayar da ke gaban ƙasa baki ɗaya: ko ya dace al'ummar da ke fama da tsadar abinci ta kashe ƙarfinta a kan ilimin da ba a ganin amfaninsa a yau?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da yarinyar take so ta karanta. Kome da muke taɓawa, da dutse, da ruwa, da jikinmu, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Ƙanƙantarsu ta kai a jera wajen miliyan 10 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. A tsakiyar kowace zarra akwai cibiya, a kewayenta kuma akwai ƙwayoyin lantarki da ake kira elektron, waɗanda J. J. Thomson ya gano a Ingila a 1897. Da za a faɗaɗa zarra ta yi girman babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar dawa a tsakiyar fili ba. Cibiyar kuma tana ƙunshe da furoton da nutiron, su ma kowannensu haɗuwar ƙwayoyi uku ne da ake kira kwak. Murray Gell-Mann da George Zweig ne suka kawo wannan tunani a 1964, gwaji kuma ya gaskata su bayan 'yan shekaru.

Masana sun ƙara da cewa waɗannan ƙwayoyi ba kamar tsakuwa suke ba. Kowane irinsu yana da wata shimfiɗa marar ganuwa da ta game sararin samaniya duka, ƙwayar kuwa motsi ce a bisa shimfiɗar, kamar yadda igiyar ruwa take tashi a tafkin Jabi in iska ta buga. Ƙarfi iri huɗu ne ke tafiyar da ma'amalarsu. Akwai wanda ke jawo mangwaro ƙasa in ya tsinke. Akwai na lantarki da maganaɗisu. Akwai wanda ke ɗaure cibiyar zarra kada ta watse. Akwai kuma mai rauni, wanda ke juya wata ƙwaya ta zama wata, wanda in babu shi rana ba za ta ba da hasken da ke nunar da hatsinmu ba.

Wannan karatu ba baƙo ba ne a Birnin Tarayya. A Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali, a kan hanyar Lokoja, akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, Farfesa James Ezeilo ne kuma shugabanta na farko. Cikin fannonin da aka ɗora mata har da fiziks na nazari, wato wanda ake yi da lissafi da tunani kafin a kai ga gwaji. A Galadimawa kuma akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, wadda aka kafa a 2007, ita ma ta horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama a wannan fanni. Mutane da yawa suna wucewa ta gaban waɗannan wurare ba su san abin da ake yi a ciki ba.

Yanzu bari mu saurari mai ƙin wannan karatu, mu kuma yi masa adalci. Yana cewa, a cikin Abujan nan akwai iyalan da rikicin Arewa maso Gabas ya koro daga gidajensu tun 2014. Akwai ƙauyukan da mata ke tafiya mai nisa neman ruwa. Wanda gidansa ke cin wuta ba ya zama ƙidayar taurari. Yana cewa yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa bashi ne a kansa ya zama likita ko injiniya, ya share wa iyayensa hawaye. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa kwana da yunwa ba zai yi mata dariya ba. Sai dai akwai abubuwa uku da ta manta.

Na farko, ta manta da lokaci. A 1928 wani matashi ɗan Ingila mai suna Paul Dirac ya rubuta wani lissafi domin ya bayyana halin elektron. Lissafin ya nuna cewa lalle akwai wata ƙwaya, tagwayen elektron, mai kishiyar cajinta. Ba wanda ya aike shi, ba kuma wanda ya san amfanin abin. A 1932 Carl Anderson ya ga ƙwayar a Amurka, aka sa mata suna fositiron. Yau da ita ake ɗaukar wani irin hoton cikin jiki wanda ke nuna wa likita inda ciwon daji ya ɓuya da inda ya bazu. Haka nan na'urorin da masana suka ƙera domin su koro ƙwayoyi da gudu su ga abin da ke cikinsu, a 1953 aka fara gasa ciwon daji da irinsu a wani asibiti a Landan. Na'urar gashin da aka kawo Asibitin Ƙasa na Abuja jikar waɗancan ce. Uwar da ke kwance ana gasa mata sankarar mama tana cin moriyar mutanen da a zamaninsu ana iya cewa ɓata lokaci suke yi. Har shafukan intanet da 'ya'yanmu ke dubawa, a CERN, babbar cibiyar binciken ƙwayoyi da ke kusa da Janiba, Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarinsu a 1989, cibiyar kuma ta sake shi kyauta ga duniya a 1993.

Na biyu, ta manta da abin da ake bukata a gare mu. Ba wanda ya ce Nijeriya ta haƙa rami irin na CERN, mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, wanda ƙasashe da yawa suka haɗa kuɗi suka gina. Mai nazari allo yake bukata, da alli, da littattafai, da kwamfuta, da albashin da zai riƙe iyalinsa, da abokan tattaunawa. Abdus Salam, ɗan Pakistan, ya bar ƙasarsa a 1954 saboda kaɗaici, domin ba shi da wanda za su yi wannan aiki tare. Abin ya tsaya masa a rai, shi ya sa a 1964 ya kafa wata cibiya a Trieste ta Italiya, inda masanan ƙasashe matalauta za su riƙa zuwa su sabunta iliminsu su koma gida. A 1979 ya sami lambar yabo ta Nobel tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, saboda sun nuna cewa ƙarfin lantarki da ƙarfin nan mai rauni tushensu ɗaya. Ƙasar da ba ta da irin waɗannan mutane, ko na'ura ta saya sai ta jira baƙo ya zo ya bayyana mata yadda take aiki. Su ne kuma ke koyar da waɗanda za su koyar da injiniyoyi da likitocin da muke so.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, ko da yake ba a auna shi da mudu. Sanin gaskiya yana da daraja a kan kansa. Mutum ba ciki ne kaɗai ba. Ɗan yaye ma yana damun uwarsa da "don me?", kuma ba don a ba shi abinci yake tambaya ba. Idan muka koya wa 'ya'yanmu cewa ba a neman sani sai in da riba, kada mu yi mamaki ranar da suka ƙi faɗin gaskiya domin babu riba a cikinta.

Labarin Peter Higgs ya isa darasi a nan. A 1964, yana da shekara 35, yana koyarwa a Jami'ar Edinburgh, ya nuna da lissafi cewa akwai wata shimfiɗa da ke ba ƙwayoyi irin su elektron nauyinsu, wadda in babu ita zarra ba za ta haɗu ba. François Englert da Robert Brout a Beljiyam su ma sun kai ga wannan tunani a shekarar. Mujallar da Higgs ya fara aika wa ɗaya daga cikin takardunsa ta ƙi bugawa. Sai ranar 4 ga Yuli, 2012, bayan shekara 48, CERN ta ba da sanarwar ganin ƙwayar. Higgs yana zaune a zauren, tsoho mai shekara 83, yana share hawaye. Brout kuwa ya riga ya rasu a 2011, bai ga ranar ba. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Wani lokaci ma wani ne ke hura wutar, wani ya sha romon, duk da haka mai hurawar bai yi aikin banza ba.

Waɗansu cikinmu sun tsorata da suka ji 'yan jarida suna kiran wannan ƙwaya da sunan Allah, suka zaci masana suna iƙirarin sun kama Mahalicci a cikin na'ura. Laƙabin ya fito ne daga sunan wani littafi da Leon Lederman ya fitar a 1993, Higgs da kansa bai so shi ba, masana kuma ba sa amfani da shi a aikinsu. Gano yadda aka saƙa zane ba ya amsa tambayar ko wane ne masaƙin, ko dalilin saƙar. Masanan kuma sun yarda cewa duk ƙwayoyin da suka sani ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa ba, har yanzu kuma ba su iya haɗa ƙarfin da ke jawo abu ƙasa da sauran ukun cikin bayani guda ba. Wanda ya san wannan, tawali'u ya kamace shi.

Akwai kuma gargaɗin da ba za mu ɓoye ba. A ƙarshen 1938 aka gano a Jamus cewa cibiyar zarra tana iya tsagewa. Shekara bakwai ba ta cika ba, ranar 6 ga Agusta, 1945, aka jefa bom ɗin ƙare dangi a Hiroshima. Amma wannan tsagewar ce kuma ke tafiyar da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike da aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2004, wadda ake gwada ƙasa da ma'adinai da ita, ake kuma horar da ɗalibai. Ilimi wuƙa ce, mai ita ke zaɓar abin da za ta yanka. Saboda haka muna bukatar 'ya'ya masu tarbiyya da tsoron Allah a cikin waɗannan ɗakunan bincike. Idan gidajen kirki suka hana 'ya'yansu shiga, ba za a rufe ɗakunan ba, waɗansu ne za su cika su.

Na koma wurin dattijon bayan mako biyu. Na ce masa ba zan yi masa alkawarin cewa karatun 'yarsa zai kawo kuɗi da wuri ba, gama ƙarya zan yi. Mai yiwuwa albashinta ba zai kai na banki ba har ta tsufa. Na kuma ce ba kowane yaro ne ya kamata ya bi wannan hanya ba, kamar yadda ba kowane hatsi ake ajiyewa iri ba. Amma manomin da ya cinye irinsa duka saboda yunwar bazara, shi ne zai fi kowa kuka da damina. Idan malamanta sun shaida cewa tana da baiwar, kada ya binne ta.

Ita ma yarinyar na yi mata magana. Na ce, "'Yata, gonar da aka sayar bashi ce a wuyanki. Ki nemi tallafin karatu don kada ki ƙara wa Baba nauyi. Ki riƙa koyarwa kina taimakon ƙannenki. In karatu ya kai ki waje, ki tuna da hanyar gida, domin akwai yara a Kwali da Abaji da ba su taɓa samun malamin fiziks na ƙwarai ba." Ta ce, "To, Baba, na ji."

Iyaye, in yaro ya zo muku da tambayar da ba ku ga amfaninta ba, kada ku yi saurin kashe masa baki. Ku bincika, ku nemi shawarar masu sani, ku auna ƙarfin gidanku da gaskiya. Dabinon da muke ci yau, waɗanda suka dasa shi da yawa ba su ɗanɗana ba. Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabe abin da za mu ci yau da abin da za mu ajiye domin jikokinmu.