Tsakanin Asalin Kalma da Wasa da Ita

Masu iya magana kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kalmomi ma suna da gidajensu na asali, kuma da yawa daga cikin waɗanda muke furtawa kullum sun daɗe da barin nasu, sun zo sun zauna da mu har mun manta baƙi ne. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna wata tambaya da ta shafi duk mai nazarin harshe: shin asalin kalma ne ke yanke hukunci a kan ma'anarta, ko kuwa yadda jama'a ke amfani da ita? Sannan mai wasa da kalma, wanda kan sauya mata harafi don a yi dariya, gaskiya yake faɗa ko ƙarya?

Bari mu fara da baƙin. Kwabo da sisi da sule duk daga Ingilishi muka samo su, zamanin da ake kashe kuɗin Turawa kafin naira ta shigo a 1973. Alƙali da alƙalami da ilimi daga Larabci suka zo. Kasuwa ta biyo ta hannun Barebari kafin ta iso gare mu. Agogo da ashana da akawu kuwa Yarabawa ne suka ba mu, mu kuma muka miƙa musu albasa da wahala da lafiya, bayan mu ma mun karɓo su daga Larabawa. Duk wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Ikko ya san wannan cinikin bai tsaya ba har gobe.

Ta fuskar rubutu kuwa, Hausar boko ta bar ƙofar wasa a buɗe, domin ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na ido da kuka ta miya. Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutunmu ne tun wajejen da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma har yau akwai masu ganin wannan 'yar lanƙwasa ado ce kawai. To, a cire ta a gani. Wanda ya rubuta cewa ya karɓi baki, ba mu san ko bakin wa ya karɓa ba. Wanda aka ce ya raba gado daidai, in ya raba ɗaiɗai sai an kai ga alƙali. Shugaban ƙasa kuma, in lanƙwasa ta faɗi, ya koma shugaban kasa, sai mai karatu ya zaɓa tsakanin macijiya da gazawa.

Daga nan ne masu barkwanci ke samun abin yi. Sai ka ji an raba ma'aikaci gida biyu, an ce ai ma'aika-ci ne, wato wanda aka aika ya ci. Dimokuraɗiyya, wadda tushenta na Girkanci ke nufin mulkin jama'a, sai a nuna maka kura kwance a tsakiyarta. Talaka a ce ta laka ne, domin a cikinta yake kwana. Mu kanmu a jami'a mun ga yadda digiri ya haɗu da digirgire, ɗaukar kaya a ka ba tare da an riƙe ba, har aka haifi digirin digirgir, wanda yanzu gidajen rediyo ke faɗa ba tare da kowa ya yi murmushi ba.

Shin waɗannan ƙarya ne? Ta fannin nahawu, babu shakka ba daidai ba ne. Ma'aikaci daga aikata ya fito, harafin t ne ya koma c saboda wasalin i da ya biyo shi, kamar yadda ya faru a marubuci da mafarauci. Babu ruwansa da cin abinci. Amma mai faɗa da mai saurare duk sun san haka, shi ya sa ma suke dariya. Abin da mai wasan ke nufi shi ne, akwai ma'aikatan da sai an ba su na goro suke ɗaga takarda, kuma wannan magana ce da ba kowa zai iya faɗa a fili ya kwana lafiya ba. Ashe ke nan irin wannan wasa ɗan'uwan habaici ne, makamin wanda ba shi da ƙarfi. Ba ya yaudarar kowa, tunda bai taɓa cewa shi tarihi ba ne.

Matsalar tana farawa ne ranar da wasa ya yi rawani ya zauna a kujerar tarihi. A labarin Bayajida an ce sunansa na nufin ba ya ji da, wato da can ba ya jin harshen mutanen Daura, an kuma ce Hausa daga hau sa take. Waɗannan ba su cutar da kowa ba, sun dai ƙawata labari. Amma mu dubi Bamaguje. An daɗe ana gaya wa yara cewa wani ne mai suna Bama ya guje wa salla, shi ya sa ake kiran zuriyarsa haka. Masana harshe kuwa sun danganta kalmar da majusu ta Larabci, sunan da aka ba mabiya tsohon addinin Farisa, wanda malaman fiƙihu suka yi amfani da shi ga mutanen da aka yarda su zauna ƙarƙashin mulkin Musulmi da addininsu, suna biyan jizya. Dubi nisan da ke tsakani. Bayani na farko ya mayar da al'umma guda matsorata masu gudu, na biyu kuma ya nuna sunan wani matsayi ne da shari'a ta tanada musu. Yaron da ya tashi da na farko zai yi wuya ya kalli maƙwabcinsa da idon mutunci.

To, in haka ne, sai mu ce asali na gaskiya shi ne alƙali? Nan ma sai an yi hattara, kuma kalmar boko ta ishe mu misali. Shekaru da dama ana koyar da cewa daga sunan littafi na Ingilishi ta fito. A 2013 Farfesa Paul Newman ya nuna ba haka ba ne. Da daga can take, da buku za mu ce, kamar yadda muka ce kuku ga mai dafa abincin Bature. Boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin jabu ko yaudara, kamar yadda ƙamus na Bargery na 1934 ya kawo, kuma ita ce a cikin amaryar boko da biri boko. Kakanninmu da suka ga an ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, sannan Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, suna da dalilinsu na kiran wannan karatu jabu in an gwada shi da na allo.

Wannan asali gaskiya ne, amma bai zama hujja a kan yaron da ke aji a yau ba. Kalmar ta yi shekara fiye da ɗari tana aiki, ta yaye likitoci da alƙalai da malaman addini kansu, da ita kuma muke rubuta wannan mujalla. Duk wanda ya ce tunda boko na nufin yaudara a da, to karatun yaudara ne har abada, ya yi kama da mai ƙin gaisawa da dattijo don an ce kakansa bawa ne. Mun kuwa ga inda ƙyamar makaranta ta kai mu a 2014, shekarar da aka kashe ɗalibai a Buni Yadi, aka sace 'yan mata 276 a Chibok. Ba kalma ce ta ɗauki bindiga ba, amma ra'ayin da ya ɗauke ta ya sami wurin fakewa a cikin tsohuwar ma'anar.

Haka siyasa take, sai dai ta ɗaya gefen. Tushenta na Larabci ya shafi kiwon doki da lallashinsa, kuma har yanzu dattawa kan ce a bi wane da siyasa, wato da lalama. Kyawun wannan asali bai wanke ɗan siyasar da ya ci amana ba, kamar yadda munin asalin boko bai ɓata ɗalibi ba. Hali shi ne mutum, aiki kuma shi ne kalma.

Saboda haka, nauyi biyu ne a kanmu mu ɗalibai da malaman Hausa. Na farko, mu yi wasa da harshenmu son ranmu, domin harshen da ba a wasa da shi ya kama hanyar kabari, amma mu bar wasa a matsayinsa, kada mu shigar da shi aji da sunan bincike. Na biyu, in mun tono asalin kalma, mu faɗe shi yadda yake ko da bai yi mana daɗi ba, sannan kada mu mai da shi sandar dukan wani. In mun kiyaye waɗannan, za mu iya raba mutunci mu ce mutun-ci a dandali a yi dariya, mu kuma koma gida da namu bai ragu ba.