Kwaɗo Ma Ma'aikacin Allah Ne

Ruwan madatsar Tiga yana shayar da shinkafarmu a Kura da Bunkure, amma ba mu kaɗai ne muke rayuwa a bakinsa ba. Kwaɗo yana cin ƙwarin da ke ɓata shuka, balbela tana cin fara, ƙudan zuma kuwa suna sa kankana ta yi 'ya'ya. Sa'ad da muka wanke injin feshi cikin hanyar ruwa, guba takan kashe kwaɗi da kifi. Sai ƙwari su yawaita, mu ƙara cin bashin magani, ragowar gubar kuma ta gangara gonar maƙwabci. Wannan ruwa amana ce, za mu kuwa ba da lissafi. Bari kowa ya wanke injinsa nesa da ruwa. Ubangiji ya taimake mu. Amin.