Haƙƙin Mai Alƙalami

 Ya ku 'yan'uwa malaman jami'a da ɗalibai masu neman digiri, mu ji tsoron Allah a kan abin da muke aika wa mujallun ilimi da sunanmu a kai.

Wanda ya kwashi shafin wani ya liƙa a maƙalarsa bai ambaci mai shi ba, ɓarawo ne, ko da kuwa ana kiransa Farfesa. Magabata ba su ɗauki wannan da wasa ba. Malaman hadisi sun ƙarar da rayuwarsu suna bin isnadi, wane daga wane, don kada a jingina magana ga wanda bai faɗe ta ba. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ne ya taɓa rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, kuma sai da ya wallafa risala sukutum a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, saboda an yi masa ɓarna a littattafansa.

Yau an samar da manhajoji irin su Turnitin da iThenticate, masu gwada rubutu da miliyoyin takardu su nuna inda aka yi kama. Sai wasunmu suka mayar da manhajar alƙali. A sauya kalma nan, a juya jimla can, adadin kamanceceniya ya sauko, a ce an tsallake. Subhanallahi! Tunanin da ka ɗauka har yanzu na mai shi ne. Ka yaudari kwamfuta, to mala'ikun da ke kafaɗarka fa? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Wannan ma algus ne.

Haka wanda ya sake buga tsohuwar maƙalarsa a wata mujalla kamar sabuwa, da wanda ya yanka bincike ɗaya gida uku don ya cika ƙidayar ƙarin girma. Mafi ɗaci shi ne malamin da zai ce wa ɗalibinsa "sa sunana a gaba", alhali ko layi ɗaya bai rubuta ba. Yaro ba shi da bakin musu, kuma mun sani.

Asiri yana tonuwa tun a duniya. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya sauka daga muƙami. A 2013 ministar ilimin ƙasar, Annette Schavan, ta bi sahunsa. A 2023 kaɗai mujallun duniya sun janye maƙalu sama da 10,000 saboda maguɗi iri-iri.

Ka tambayi kanka: albashin da ya ƙaru ta dalilin maƙalar sata, da shi kake ciyar da iyali, da shi za ka biya kujerar Makka? Na san matsin yana da yawa, babu kuɗin bincike, lokacin ƙarin girma yana ƙaratowa. Larura ba ta halatta gumin wani ba.

Wanda ya riga ya afka, ƙofar tuba a buɗe take, sai dai wannan haƙƙin ɗan'adam ne, istigfari kaɗai bai isa ba. Ka rubuta wa editan mujallar ya janye maƙalar ko ya gyara, ka cire ta daga takardun da ka miƙa wa jami'a, sannan ka nemi mai aikin ka roƙi afuwarsa tun yana raye.